Adakar Baba: littafin aikin ceto hotuna da kaset-kaset na gidanmu a Jidda

Juma'a, 3 Janairu 2025

An sauko da adakar ƙarfen daga saman kwaba bayan sallar La'asar. Abin da aka ƙirga a ciki: hotuna warwatse 612, albam 5, yankan nagatif 41, kaset ɗin bidiyo 23, kaset ɗin rediyo 9. Na rediyon yawancinsu saƙonnin murya ne da dangi ke aikowa daga Kano ta hannun alhazai, tun kafin waya ta wadata.

Ƙasan adakar ya yi tsatsa. Ruwa ya taɓa ta a ambaliyar Nuwamba 2009, aka shanya abin da ke sama, na ƙasa kuwa ba a waiwaye shi ba. Hotuna kusan 70 sun manne da juna sun zama dunƙule uku. Kaset 6 na da farin fumfuna a gefen zarensu, ana hango shi ta tagar roba. Nagatif 4 na warin tsami irin na khal, wato binega, alamar robar fim ɗin ta fara ruɓewa, kuma tururin da take fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da ita. An ware su a ambulan daban tun yau.

Tsarin da aka yi: hotuna tukuna, sai nagatif, sai bidiyo, sai murya. Kuɗin da aka ware riyal 2,000.

Asabar, 4 Janairu

Kuskuren farko, kuma babba: a falo aka buɗe adakar, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kunne, tagogi a rufe. Iskar ta kwashi ƙurar fumfuna ta zagaya da ita ɗakin. Da misalin ƙarfe biyu na dare asmar Inna ta tashi, tari da shaƙewa da ƙarar ƙirji. Ta shaƙi shuɗiyar inhelarta ta cikin bututun shaƙa kamar yadda likitanta ya tsara mata, abin ya lafa kaɗan ya sake dawowa, aka kai ta asibiti kafin asuba. An sa mata na'urar shaƙar magani, ta dawo gida da hantsi. Alhamdu lillahi.

Daga yau duk abin da ya fito daga adakar a rufin bene za a taɓa shi. Takunkumi N95, safar hannu ta naitiril, da riga guda ta aiki wadda ba ta shiga ɗaki. An wanke matatar mukayyif, an goge falon da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, an kai labule wanki. Wanda ke da mai asma ko jariri a gida kada ya ɗauki wannan da wasa. Warin tsohuwar takarda da muke jin daɗinsa, ga wani ƙirji cuta ne.

Talata, 7 Janairu

An yi ruwan sama jiya. Ma'aunin danshi ya nuna kashi 74 a ɗakin aiki, fumfuna kuwa na samun sukunin girma da zarar an wuce kashi 65. Abin da ake so ga hoto tsakanin 30 ne da 50. Jidda ba ta ba mutum wannan kyauta, sai dai a cikin rufaffen akwati.

Sayayya: ma'aunin danshi riyal 35, akwatunan roba masu murfin da ke kama iska guda 3, riyal 120, ƙwayoyin silika masu tsotse danshi kilo 1, riyal 40, takunkumi da safa riyal 55, burushi mai laushin gashi da famfon hura iska riyal 45, sikana ta hannu ta biyu riyal 280. Jimla 575.

Juma'a, 10 Janairu

An fara sikana. Hoto mai santimita 10 da 15 ana ɗaukarsa a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, yana fitowa da ɗigo kusan 2,400 da 3,600, fayil ɗin TIFF guda kimanin megabait 26. Ƙananan hotunan fasfo sai an kai su 1,200, domin fuskar ba ta wuce kan babban yatsa ba, kuma wasu daga cikin tsofaffinmu ba su bar wani hoto ba sai shi.

An kashe duk wani gyara na kai tsaye da manhajar sikanar ke yi: ƙara kaifi, share ƙura, daidaita launi. Mai share ƙurar nan ya goge wa wani dattijo tsagen fuskarsa a gwajin farko, ya ɗauka ƙarzuwar takarda ce. Irin wannan gyaran ɓarna ne, domin da tsagen za a gane asalin mutumin.

Kowane hoto ana ɗaukar gabansa da bayansa. Bayan ne ke ɗauke da hatimin situdiyo, kwanan wata, da rubutun ajami ko na Larabci. Lamba guda, gaban ya zama 0001a, bayan 0001b. An hura gilashin da famfo kafin kowane zubi. Hotuna huɗu na shiga a zubi ɗaya. Yau 48 cikin awa uku.

Asabar, 11 Janairu

An yi 64. Babu matsala.

Litinin, 13 Janairu

An yi 40 bayan Isha'i. An sake busar da silika a tanda, wuta ƙasa-ƙasa, har launinta ya koma.

Alhamis, 16 Janairu

Albam uku daga cikin biyar ɗin irin masu shafin danƙo ne da leda a sama. Danƙon ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, ya bar layi-layi a bayan hotuna, wasu kuma ya riƙe su gam. Hanyar da ta yi aiki: zaren sakace haƙori marar kakin zuma, a zura shi ƙarƙashin kusurwa, a riƙa ja dama da hagu kamar zarto, zaren a kwance daidai da shafin. Hoto guda na cin minti biyu zuwa biyar. Idan ya ƙi, a ɗan ɗumama bayan shafin da na'urar busar da gashi daga nesan taƙi biyu, na daƙiƙa goma kacal.

An ɓata guda ɗaya. An ɗaga kusurwar da farce don a yi sauri, takardar ta rabu biyu, fuskar hoton ta tsage daga kafaɗa zuwa haɓa. Hoton walimar saukar Alƙur'ani ne, babu nagatif ɗinsa. Ka'ida daga yau: a ɗauki shafin gaba ɗayansa a sikana kafin a taɓa komai. Wannan yana kuma adana jerin da mai albam ɗin ta tsara, wanda shi ma labari ne.

Dunƙulen nan uku da suka manne an bar su. Hoton da fumfuna ya ci, ruwa na narkar da fuskarsa nan take, saboda haka shawarar jiƙa su da wasu ke bayarwa ba ta dace da waɗannan ba. Akwai kuma hoton firem da ya manne da gilashinsa: ba za a ɓamɓare ba, da gilashin za a ɗauke shi.

Juma'a, 17 Janairu

An kai wa Gwaggo hotuna 150 a filash, aka jona a talabijin. Yanar ido ta hana ta ganin takarda, amma a babban allo tana rarrabe fuska. An ajiye waya tana naɗar murya, ana kiran lambar hoto da ƙarfi kafin ta yi magana, don daga baya a san wanne take nufi.

A lamba 0087 ta ce, "Tsaya nan, ɗana. Wannan ba Baba ba ne, ƙanensa ne da ya zauna a Mai Wurno bai ƙaraso ba." Shekara da shekaru gidan nan na nuna hoton a matsayin na kaka. Hatimin bayansa, wanda rabinsa ya goge, na wani situdiyo ne a Wad Madani ta Sudan, abin da ya yi daidai da maganarta, tunda Mai Wurno na kudu da can kusa da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Daga nan ta jero zangon tafiyarsu ta ƙasa kamar karatu: Maiduguri, Far Lami, Junaina, Ubayyid inda aka hau jirgin ƙasa, sannan Sawakin da jirgin ruwa zuwa Jidda.

Cikin 150 ta san mutanen 112. Sauran ta ce sai Kawu na Makka, idan shi ma bai sani ba, to shi ke nan. Ta gaji bayan minti 40, wuya da ido.

An sauya tsari. Takardar da ta jure shekara sittin za ta jure wata biyu a akwatin silika. Abu biyu ne ba sa jira: zaren kaset da fumfuna ke ci, da sunayen da ke kan mutum biyu masu shekaru sama da tamanin. Don haka za a bi sauran hotunan da waya, ɗauka ta gaggawa, a kai wa tsofaffi kowace Juma'a, bidiyo kuma ya dawo gaba. Sikana mai kyau ta biyo baya.

Laraba, 22 Janairu

An ɗauke sauran hotuna da waya a bakin taga, dare uku da safiya ɗaya. Ba don ajiya ba, don tambaya kawai.

Juma'a, 24 Janairu

An sayi na'urar bidiyo a hannun wani mai tsofaffin kaya, riyal 150, ba a gwada ta da kaset a wurin ba. Ta kama wuta, ta karɓi kaset, ta yi ƙara, da aka danna fitarwa sai ga zare kusan kamu biyu a waje ya cukurkuɗe. Dalili: tayar da ke juya ƙafafun kaset ta sulɓe, robarta ta bushe, ƙafar da ke naɗe zare ta tsaya alhali injin na ci gaba da turo shi. Allah ya sa kaset ɗin gwaji ne, wani tsohon wasan ƙwallo da aka naɗa daga talabijin. Da da na bikin Yaya aka fara, da an yi kuka.

Ba a saka kaset ɗin gida a na'urar da ba ta cinye awa guda da na banza ba. Kuma a duba bayanta kafin a jona: tsofaffin gidajen Jidda na da soket mai bolt 127 da mai bolt 220 a bango ɗaya, wasu na'urorin kuma ɗaya kaɗai suke ɗauka.

Zama na biyu da Gwaggo: 130, ta san 81.

Asabar, 1 Fabrairu

An samu wata na'urar a kasuwar Sawarikh, riyal 220, irin mai karanta tsarin hoton talabijin na ƙasashe daban-daban, an rubuta PAL, MESECAM da NTSC a goshinta. An gwada ta a wurin da kaset biyu, gaba, baya, tsayawa, fitarwa. Na'urar shigar da bidiyo kwamfuta ta USB riyal 130. Faifan ajiya na waje mai terabait 2, riyal 290. Kuɗin da ya fita zuwa yau 1,365.

An buɗe murfin an goge gangar kan karatu: farar takarda mai santsi a ɗiga mata sifirit ɗin isofurofil mai kashi 99, a dafa ta a jikin gangar da yatsa, a juya gangar a hankali da ɗaya hannun. Ba a gogawa sama da ƙasa, ba a sa auduga, domin kawunan ƙanana ne ƙwarai, zaren auduga na iya karya su.

Kaset na farko ya fito da launi. Na biyu ma. Na uku, sunan da aka yi a 1987, ya fito fari da baƙi ƙal, alhali kowa a gidan ya tuna shi da kala. An sake goge kai, an sauya waya, babu canji. An ci awa biyu kafin a gano. Kaset ɗin da dangi suka aiko daga Nijeriya duk PAL ne. Wasu daga cikin waɗanda aka naɗa a nan kuwa MESECAM ne, saboda talabijin ɗin Saudiyya ta daɗe tana watsa shirye-shirye da tsarin SECAM, na'urorin gidaje da yawa kuma a kansa aka saita su. Hasken hoton iri ɗaya ne a tsarin biyu, shi ya sa ake ganin mutane, amma yadda ake ɗora launi ya bambanta. Na'urar bidiyon na karanta shi daidai, kwamfutar ce aka bari a PAL. Da aka mayar da ita SECAM a saitin manhajar, atamfofi suka dawo da launinsu.

An bi kaset 17 masu lafiya ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya-ɗaya: 11 PAL, 5 MESECAM, 1 NTSC da wani ɗan uwa ya kawo daga Amurka. An manna wa kowanne takarda. An kuma karya ɗan harshen roba na bayan duk wanda ke da shi, don kada hannu ya kuskure ya danna naɗa.

Talata, 4 Fabrairu

Kaset biyu sun shiga. Girman hoto 720 da 576, firem 25 a daƙiƙa. Kaset E-180 awa uku ne, kuma awa ukun zai ci, babu hanyar gaggauta shi.

Juma'a, 7 Fabrairu

An duba na bikin Yaya daga farko har ƙarshe, aka ga murya ta rabu da baki. A farko daidai suke, a awa ta biyu maroƙiya na buɗe baki sai bayan daƙiƙa biyu guɗar ke fitowa. Dalilin: duk inda mai ɗauka ya tsayar da kyamara ya sake kunnawa, ko zaren ya yi lanƙwasa, siginar na tsinkewa, kwamfutar ta yar da wasu firem, murya kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Kaɗan-kaɗan tazarar ke taruwa. Bidiyon biki ya fi kowanne wannan ciwo, don yanke-yanke ne daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa kai amarya.

Abin da ya rage matsalar: a fara tura kaset har ƙarshe a dawo da shi farko don zaren ya daidaita, a rufe duk wata manhaja, a naɗa a faifan cikin kwamfuta, daga baya a kwafe waje, a raba ɗauka kashi-kashi na minti 30, kowane kashi ya haɗa da minti ɗaya na wanda ya gabace shi. Da haka tazarar ba ta kai yadda ido zai lura ba. Maganin gaskiya shi ne na'urar daidaita sigina a tsakani, kuma wasu tsofaffin na'urorin naɗar DVD na Panasonic, irin ES10 da ES15, suna wannan aikin idan bidiyo ya ratsa ta cikinsu. Ana cigiya. An sake ɗaukar kaset biyun ranar Talata.

Gwaggo ba ta ji daɗin jiki ba, an ɗaga zaman yau.

Asabar, 8 Fabrairu zuwa Laraba, 12

Kaset guda kowane dare. Saura 9 cikin masu lafiya.

Juma'a, 14 Fabrairu

Hotunan situdiyo na shekarun 1970 masu takarda mai gurza-gurza kamar saƙar zuma sun ƙi sikana. Fitilarta daga gefe ɗaya take haskawa, kowane ƙurji na takardar sai ya yi inuwa, fuska ta fito kamar an yafa mata raga. An koma kyamara.

An kafa ta a kan ƙafa uku tana kallon ƙasa, aka ajiye madubi a inda hoton zai kwanta, aka gyara har idon kyamarar ya ga kansa a tsakiyar allo. Wannan ne tabbacin ta daidaita, in ba haka ba hoton zai fito gefe ɗaya ya fi faɗi. Fitilu biyu iri ɗaya, dama da hagu, kowacce a karkace rabin kusurwa, nesa ɗaya, fitilar ɗaki a kashe. Saitin kyamara: ISO 100, f/8, fayil RAW, jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta.

Zubin farko ya fito da ratsin duhu a kwance. Fitilun LED masu araha suna ƙyaftawa da bugun wutar lantarki, wadda a nan 60 ce a daƙiƙa, ba 50 irin ta Nijeriya ba. An sauke saurin ɗauka zuwa 1/30, ratsin ya ɓace. Saƙar zumar ta ragu sosai amma ba ta tafi duka ba. Fitilu riyal 160.

Launi: hotunan wancan zamanin sun rine sun koma ja, domin rinin shuɗi-kore ne ke fara kodewa. Hotunan aikin Hajji sun fi sauƙin gyara, tunda harami fari ne, rigar Ka'aba baƙa ce. A nuna wa manhaja farin a inda ba rana ta ƙone shi ba, a nuna mata baƙin, sauran launuka su biyo. Amma a kula da fatar mutane: gyaran kai tsaye yana son haskaka baƙar fata har ta yi toka-toka, sai an mayar da hannu. Fayil na asali ba a taɓa shi, kwafi ake gyarawa.

Juma'a, 21 Fabrairu

An je Makka wurin Kawu da hotuna 87 da Gwaggo ba ta gane ba. Ya san 37. Ya fi ƙarfi a wurare da shekaru fiye da fuskoki, kuma da shi aka tsara ma'aunin sanya wa hoto lokaci daga abin da ke bayan mutum. Idan ganuwar Ajyad na kan dutsenta, kafin 2002 ne. Idan ana ganin matakalar sauka rijiyar Zamzam a filin ɗawafi, kafin 2003. Ƙofar Sarki Fahad da hasumiyoyinta biyu na faɗaɗawar da aka aza harsashinta a 1988 ne, hoton da suke tsaye a ciki ba zai zama na farkon shekarun 1980 ba. Farar rumfar tantuna ta tashar alhazai a filin jirgin Sarki Abdul'aziz daga 1981 ne, kafin nan a Kandara ake sauka. Laimomin harabar Masallacin Annabi a Madina kuwa na 2010 ne.

Wannan ma'auni ya kama kuskure guda. An tura wa wata 'yar uwa a Kano bayan hotuna 30 don ta karanta ajamin, ta rubuto shekarar wani 1400 ta Hijira. A hoton kuwa ga tantunan tashar alhazai, Hajjin 1400 kuma a Oktoba 1980 aka yi shi. Da aka duba, 1405 ne, wato Agusta 1985: biyar ɗin Larabci da'ira ce mai kama da sifirin boko, sifirin kuma ɗigo ne. Shida ma na kama da bakwai ɗin boko. An sake bin duka talatin ɗin, an gyara 4. An kuma gane cewa WhatsApp na matse hoto har ɗigon ya ɓace, sai a tura shi a matsayin takarda.

Da za a tashi Kawu ya ce, "Ku kawo mini kaset ɗin muryar nan kafin azumi ya yi nisa, akwai ta mahaifiyarmu a ciki." Ba a san da wannan ba. Kaset ɗin murya sun hau gaban layi.

Alhamis, 27 Fabrairu

Inda aka tsaya. Sikana mai kyau: hotuna 340, har da na albam biyu. Masu suna: 230, an rubuta su a jadawali da lamba, suna, dangantaka, wuri, shekara, da wanda ya faɗa. Bidiyo: 17 sun shiga, an yi wa kowanne ƙaramin kwafi na MP4 da manhajar HandBrake don rabawa dangi. Kwafi biyu ne kawai a hannu, kwamfuta da faifan waje, kuma duk a ɗaki ɗaya suke. Na uku zai tafi Makka ya zauna wurin Kawu, faifansa riyal 290. Kuɗin da ya fita 1,815, saura 185, ledojin ajiya ba su shigo lissafi ba. Polifurofilin za a saya, ba PVC mai warin sabon labulen wanka ba, kuma babu hoton da za a kai a yi masa laminetin.

Kaset 6 masu fumfuna suna akwatin silika tun Janairu, ma'auni na nuna 38, farin ya bushe ya zama gari. Ba za su shiga na'ura mai kyau ba. Za a gyara tayar waccan ta riyal 150, a cire mata murfi a rufin bene, a riƙa tura zaren gaba da baya ana dafa shi da ƙyalle marar gashi, sannan a buɗe kowane kaset a goge cikinsa. Wannan sai bayan Sallah, kuma ranar da Inna ta tafi wuni.

Gobe za a aro rediyo mai kaset wurin maƙwabci, a gwada ta da kaset ɗin banza na awa guda. Idan ba ta ci zare ba, ranar Asabar bayan Tarawihi a fara da wanda aka rubuta wa 1398 a jikinsa.